Mai Tabarma Ya Kori Mai Wuri

Akwai mutane da yawa da ke tsammani mulkin mallaka ya ƙare ƙaf tun ran da ƙasashen Afirka da na Asiya suka karɓi mulkin kansu. To, zancen da saura. Gaskiya ne daulolin Turai sun saki manyan ƙasashe, amma sun riƙe waɗansu ƙanana, yawancinsu tsibirai ne barbaje a tsakiyar teku. Ingila ta riƙe 14, cikinsu akwai Bamuda, da Jibralta, da Santa Helena, da tsibiran Fokland. Faransa ta riƙe irin su Martinik da Reyuniyon. Holan kuma ta riƙe irin su Aruba da Kurasawo. Su ne a ke kira ƙasashen ƙetare, watau ragowar daula.

A kowace ɗaya daga cikinsu babbar maganar guda ce: wa ke da ikon zama, wa kuma ba ya shiga sai da izni? A yawancin na Ingila, mutanen wurin ke riƙe da mabuɗin ƙofarsu. Bature haifaffen Landan, ko da kakansa na bakwai Ba'ingilishe ne, ba shi da ikon ya kwashi kayansa ya tafi Bamuda ko Fokland ya kafa gida, sai hukumar wurin ta ba shi takarda. Wannan daidai ne, ba mai ja. Ƙasa ce ƙarama, in aka bar ƙofarta a buɗe, baƙi za su rinjayi 'yan gari.

Amma akwai wuri guda inda aka kifar da wannan ƙa'ida ta koma a baibai. A can, shekara fiye da 50, baƙo ya shiga ya kwana ya tashi, ɗan gari kuwa in ya sa ƙafarsa ba da takarda ba ya zama mai laifi. Sunan wurin tsibiran Cagos. Abin da na ke nufi da wannan rubutu shi ne in nuna cewa abin da aka yi wa mutanen Cagos zalunci ne tsantsa, kuma hujjojin da Gwamnatin Ingila ta yi ta kawowa don ta hana su komawa, ba ko ɗaya da za ta tsaya in aka ɗora ta bisa ma'auni.

Su Wane Ne Mutanen Cagos?

Tsibiran Cagos kusan 60 ne, ƙanana ƙanana, a tsakiyar Tekun Indiya, kimanin mil 1,300 daga ƙasar Moris. Babbansu shi ne Diyego Garsiya. Akwai kuma rukunin Peros Banhos da na Salomon a arewa. A ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka kafa gandayen kwakwa a can, suka kawo bayi daga Mozambik da Madagaska don su yi musu aiki. Cikin 1814 Faransa ta sallama wa Ingila Moris tare da waɗannan tsibirai. Cikin 1835 aka 'yanta bayi. Da aka 'yanta su suka ci gaba da zama, daga baya waɗansu 'yan ƙwadago daga Indiya suka zo suka gauraya da su, aka yi ta aure ana haihuwa, har suka zama kabila guda mai irin nata harshen Kiriyol, da kiɗanta, da abincinta.

Zaman nasu ba na sarauta ba ne. Aikin kwakwa su ke yi wa kamfani, suna fasa ta, suna shanya ta, ana matse mai. Lada kaɗan ne. Amma kowane magidanci yana da ɗakinsa, da ɗan lambunsa, da kajinsa, ga kifi a bakin ƙofa. Suna da majami'u, suna da maƙabartu inda iyayensu da kakanninsu ke kwance. Duk wanda ya san abin da a ke nufi da mahaifa ya san waɗannan mutane suna da ita.

Yadda Aka Fitar Da Su

Wajen 1964 Amurka ta ga tana bukatar sansanin soja a Tekun Indiya, idonta ya faɗa kan Diyego Garsiya. A lokacin Moris tana neman mulkin kai. Cikin Satumba 1965 aka kira shugabanninta Landan, aka nuna musu cewa in suna son abin da suka zo nema, sai su bar Cagos. Suka bari, aka ba su fam miliyan 3. Ran 8 ga Nuwamba 1965 Ingila ta yanke tsibiran daga jikin Moris ta yi musu sabon suna, Yankin Ingila na Tekun Indiya. A watan Disamba na shekaran nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta gargaɗi Ingila kada ta yanka Moris gunduwa-gunduwa, Ingila ta yi kunnen uwar shegu. Ran 30 ga Disamba 1966 ta ƙulla da Amurka a kan shekara 50, da damar ƙarin 20. Ladan da ta samu a ɓoye shi ne rangwamen dala miliyan 14 a kan kuɗin makaman Polaris da ta ke saye daga Amurka.

Amurkawa ba su son kowa a tsibirin. Saboda haka aka shiga fitar da mutane, da farko ta hanyar dabara. Cikin 1967 Gwamnati ta saye gandayen daga hannun kamfani. Daga nan, wanda duk ya tafi Moris neman magani ko ziyara, in ya zo ofishin jirgi neman tikitin komawa sai a ce masa an sayar da tsibirinku, ba komawa. Haka aka yi wa iyayen Olivier Bancoult cikin 1968, yana ɗan shekara huɗu. Sun kai ƙanwarsa asibiti a Moris, yarinyar ta rasu, su kuma aka rufe musu hanyar gida, kayansu da dabbobinsu duk suna can. Waɗanda suka saura a tsibiran kuwa aka rage musu jiragen da ke kawo abinci da magani.

Cikin 1971 aka bar dabara aka koma ƙarfi. Aka kafa doka cewa ba mai shiga tsibiran ko ya zauna cikinsu sai da takardar izni. Aka tattara karnukan mutanen Diyego Garsiya, aka kulle su cikin ɗakin shanya kwakwa, aka kashe su da hayaƙin mota, masu su na ji na gani. Sa'an nan aka loda mutane cikin jirgin ɗaukar kaya mai suna Nordvaer, kowa da ɗan abin da hannunsa ya iya ɗauka. Kafin ƙarshen 1971 Diyego Garsiya ta zama kango. Salomon ta bi baya, cikin 1973 aka kwashe na ƙarshe daga Peros Banhos. Jimlarsu tsakanin mutum 1,500 da 2,000. Aka zubar da su a bakin tashar jirgi a Moris da Seshel, ba gida, ba gona, ba sana'a, don ba wanda ke neman mai fasa kwakwa a birnin Fot Luwis. Suka tare a unguwannin matalauta irin su Roche Bois da Cassis. Da yawa suka mutu, 'yan'uwansu suka ce abin da ya kashe su shi ne abin da su ke kira sagren da harshensu, watau baƙin cikin rabuwa da gida.

Hujjojin Gwamnati Da Amsarsu

Hujja ta fari, wadda aka kai gaban duniya tun 1965, ita ce wai ba wanda ke ɗan asalin Cagos, duk 'yan ƙwadago ne da aka ɗauko daga Moris da Seshel, in aikinsu ya ƙare su koma garinsu. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Nufin Gwamnati ke nan, ta mai da kaba raɓa. Me ya sa? Domin dokar Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 73, ta ɗora wa kowace daula nauyin kula da jama'ar ƙasar da ta ke mulki, da ba da labarinsu ga Majalisa. In ba jama'a, ba nauyi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Da aka buɗe tsofaffin takardun Ofishin Harkokin Waje bayan shekara 30, sai aka ga ma'aikatan sun san sarai akwai waɗanda aka haifa can, aka haifi iyayensu da kakanninsu can. Cikin 1966 wani babban ma'aikaci ya rubuta wa ɗan'uwansa yana ba'a, yana kwatanta su da mutanen daji na cikin tatsuniya. Cikin 1970 wani lauyan ofishin ya rubuta shawara a kan yadda za a ci gaba da riƙe wannan ƙagaggen labari. Shaidar da ta rushe hujjar ta fito daga aljihun mai hujjar.

Hujja ta biyu, wai an biya su diyya, magana ta ƙare. Bari mu duba biyan. Cikin 1972 Ingila ta ba Gwamnatin Moris fam 650,000 don a tsugunar da su. Kuɗin bai kai hannunsu ba sai bayan shekara biyar da wani abu, lokacin tsada ta riga ta cinye rabin amfaninsa. Cikin 1982, bayan matansu sun yi ta zanga-zanga da yajin cin abinci, aka ƙara fam miliyan 4. Waɗanda aka zubar a Seshel ko anini ba su samu ba. Kuma kafin a miƙa wa mutum rabonsa na ƙarshe sai ya sa hannu a wata takarda da ke cewa ya yafe duk wata da'awa. Takardar da Ingilishi aka rubuta ta, su kuwa Kiriyol su ke ji, yawancinsu ba su iya karatu ba, yatsa suka dangwala. Kai mai karatu, da ka sha wahalar koyon baƙi da wasali da girmanka, ka fi kowa sanin abin da ke cikin wannan. Mayunwaci da aka ɗora wa kuɗi a gaba aka ce dangwala nan, bai san abin da ke rubuce ba, wane alƙali mai tsoron gaskiya zai ce ya sayar da mahaifarsa da yardarsa? Cikin 2012 Kotun Turai ta Hakkin Ɗan Adam ta ƙi sauraron ƙararsu, ta kafa hujja da karɓar diyyan nan. Ta yiwu bisa ƙa'idar kotu haka ne. Bisa gaskiya kuwa, diyya ana biyanta ne a kan ɓarnar da ta wuce. Ba ta zama lasin ci gaba da ɓarna.

Hujja ta uku, wai tsaro. Ba na musun cewa sansanin Diyego Garsiya babban abu ne ga Amurka da Ingila. Daga can jiragen yaƙi suka tashi zuwa Iraƙi cikin 1991 da 2003, da Afganistan cikin 2001. Amma a tambayi masu wannan hujja abu uku. Peros Banhos da Salomon sun fi mil 100 daga sansanin, wane asiri masunci zai gano daga can? Sansanin yana gefen yamma na Diyego Garsiya, gefen gabas inda tsohon ƙauyensu ya ke an bar wa kurmi da jakuna, me zai hana a zauna nan? Amurka tana da manyan sansani a Guwam da Okinawa, farar hula na zaune jikin waya, me ya sa can bai zama haɗari ba? Daɗin daɗawa, sansanin kansa cike ya ke da farar hula. An ɗauko dubban ma'aikata daga Filifin da Moris suna dafa abinci, suna wanki, suna gini. An kuma yi shekaru ana ba masu jiragen shan iska na ƙasashen Turai takarda su zo su yada zango a Salomon, suna gasa kifi kusa da kangayen gidajen mutane. Ashe ba mutum a ke gudu ba. Mai wuri a ke gudu, don shi kaɗai ke da bakin cewa nan nawa ne.

Hujja ta huɗu, wai tsibiran ba su zaunuwa, nesa ta yi yawa, kuɗin gyara ya yi yawa, teku na iya cinye su. Abin mamaki, tsibirin da bai zaunu ga masunci ba ya zaunu ga soja dubbai, da filin jirgin sama, da kantuna, da gidajen wasa. Mutanen da suka yi shekara wajen 180 a wurin ba lantarki ba famfo, su a ke gaya wa wurin ba ya zaunuwa. Gwamnati da kanta ta ɗauki kamfanin KPMG ya bincika, cikin 2015 ya kawo rahoto cewa komawa mai yiwuwa ce. Duk da haka cikin Nuwamba 2016 ta ce a'a, ta yi alkawarin fam miliyan 40 don kyautata zamansu inda su ke, a shekaran nan kuma aka ƙara wa Amurka shekara 20.

Hujja ta biyar, wai kiyaye halittun teku. Cikin Afrilu 2010 Ingila ta mai da tekun Cagos hurumi, ta hana kamun kifi a cikinsa. Kiyaye kifi da murjani abu ne mai kyau. Amma a ƙarshen shekaran nan wata wasiƙar asiri ta ofishin jakadan Amurka ta fito fili, a ciki an ruwaito wani ma'aikacin Ingila yana cewa hurumin zai kashe maganar komawar mutanen. Kotun Ƙoli ta Ingila cikin 2018 ba ta yarda cewa wannan ne nufin Ministan da ya kafa hurumin ba. To, a bar nufi, a dubi sakamako. Masunci da aka hana su, ko an ce ya koma, me zai ci? An kuwa keɓe ruwan da ke kewaye da sansanin daga wannan hani, ma'aikata suna jefa ƙugiya don nishaɗi.

Hujja ta shida ita ce ta fi daɗin ji, saboda haka ta fi bukatar a tone ta. Wai an ba su fasfon Ingila. Ga yadda abin ya ke. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta kasa talakawan Sarauniya kashi-kashi, ta ba mutanen ƙasashen ƙetare wani ƙaramin matsayi wanda ba ya ba su ikon zama a Ingila. Ba a gyara wannan ba sai cikin 2002, shekara biyar bayan an mayar wa Sin Hon Kon da miliyoyin mutanenta. A gyaran nan aka sa mutanen Cagos, cikin 2022 kuma aka buɗe wa jikokinsu hanya. Da yawa suka tafi Ingila, suka taru a garin Crawley kusa da filin jirgin sama na Gatwick, suna aikin shara da ɗaukar kaya. Ba na rena wannan, ya fitar da gidaje da yawa daga yunwa. Amma a duba abin da fasfon ya ba su da abin da ya hana su. Ya ba tsohuwar da aka haifa a Peros Banhos ikon zama a Landan, da Manchesta, da Gilasgo, garuruwan da ba ta taɓa mafarkinsu ba. Wuri guda ne a ƙarƙashin tutar Ingila da ta roƙa, shi ne kuwa aka ce sai dai ziyara ta 'yan kwanaki, da rakiyar jami'ai, ta share kabarin uwarta ta koma jirgi. Sanarwar Hakkin Ɗan Adam ta 1948, wadda Ingila ta jefa wa ƙuri'ar yarda, ta haɗa abu biyu a sashe na 13: ikon mutum ya fita daga ƙasa, da ikonsa ya komo ƙasarsa. Wanda aka ba na farko aka hana shi na biyu, sunansa korarre, kome kyan takardar da ke aljihunsa.

Mudu Biyu

Kowa ya san ɗan kasuwan da ke da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Bari mu ga mudun da Ingila ta auna wa waɗansu tsibirai da shi.

Cikin Oktoba 1961 dutse ya yi aman wuta a Tristan da Cunha, wani ɗan tsibiri a kudancin Tekun Atlantika wanda ya fi Cagos nisa da mutane, ba shi da ko filin jirgin sama. Aka kwashe mutanensa 264 aka kai su Ingila, aka ba su gidaje da aiki. Suka ce su dai gida su ke so. Aka yi ƙuri'a, mafi yawa suka zaɓi komawa, cikin 1963 Gwamnati ta mai da su.  Shekara biyu kacal bayan wannan aka yanke Cagos.

Cikin 1982 Ajantina ta mamaye Fokland, inda mutum kimanin 1,800 ke zaune, watau kwatankwacin yawan mutanen Cagos. Ingila ta tura rundunar jiragen ruwa tafiyar mil 8,000, sojanta 255 suka mutu, don a tabbatar wa mutanen tsibirin ikon zama a gidansu ƙarƙashin mulkin da suka zaɓa. Cikin 1983 aka yi musu doka ta musamman aka ba su cikakken matsayin 'yan Ingila, shekara 19 kafin yawancin sauran. Cikin 2013 aka tambaye su ra'ayinsu da ƙuri'a. A shekarar yaƙin nan ta 1982 ce aka shirya diyyar da mutanen Cagos suka dangwala wa yatsa. Yawansu ɗaya, tutarsu ɗaya, Sarauniyarsu ɗaya. Mutanen Fokland jikokin Turawa ne, mutanen Cagos jikokin bayi ne daga Afirka. In akwai wani bambanci ban da wannan, Gwamnatin Ingila ta yi shekara 50 ba ta nuna shi ba.

Abin Da Kotuna Suka Ce

Kada a ce duk Ingila ce ta goyi bayan wannan aiki. Lauyoyinta da 'yan jaridunta da waɗansu wakilan majalisarta sun tsaya wa mutanen Cagos, alƙalanta ma sun faɗi gaskiya ba sau ɗaya ba. Cikin Nuwamba 2000 Olivier Bancoult, yaron nan da aka rufe wa hanya yana ɗan shekara huɗu, ya ka da Gwamnati a Babbar Kotun Landan. Alƙalai suka ce ikon da aka ba Kwamishina na yi wa jama'a doka iko ne na mulkinsu, bai haɗa da kwashe su ba. Ministan Harkokin Waje, Robin Cook, ya karɓi hukuncin, aka buɗe musu tsibiran arewa a takarda. Kafin su tara kuɗin jirgi, cikin Yuni 2004, aka fitar da sabuwar doka da sunan Sarauniya, ba tare da an kai ta gaban Majalisar Wakilai ba, ta ce ba mahalukin da ke da ikon zama a yankin. Babbar Kotu ta soke ta cikin 2006, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cikin 2007. Sai cikin 2008 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a lokacin su ne ƙarshen shari'a, suka ba Gwamnati gaskiya, uku suka rinjayi biyu. Da ra'ayin mutum guda aka rufe ƙofar.

Daga nan magana ta koma Kotun Duniya a birnin Heg. Cikin Satumba 2018 aka saurari ƙasashe, Tarayyar Afirka ta yi magana, Nijeriya ma ta yi, suna goyon bayan Moris. Aka nuna wa alƙalai hoton wata dattijuwa, Liseby Elysé, tana ba da labarin yadda aka sa ta jirgi daga Peros Banhos cikin 1973 tana da ciki, cikin ya zube. Ran 25 ga Fabrairu 2019 kotun ta ba da fatawa, alƙalai 13 a kan 1, cewa yanke Cagos daga Moris ya saɓa wa doka, Ingila ta janye da gaggawa. A watan Mayu Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan fatawar, ƙasashe 116 a kan 6.

Yarjejeniyar 2025

Ran 22 ga Mayu 2025 Firayim Ministan Ingila, Keir Starmer, da na Moris, Navin Ramgoolam, suka sa hannu a kan yarjejeniya. Abin da ke cikinta shi ne mulkin tsibiran ya koma hannun Moris, Ingila ta riƙe Diyego Garsiya haya shekara 99, tana biyan kimanin fam miliyan 101 kowace shekara, a kuma ajiye fam miliyan 40 a asusu domin mutanen Cagos. Waɗansunsu, har da ƙungiyar Bancoult, sun yi murna, sun ce ƙofa ta fara buɗewa. Waɗansu sun ƙi, har mata biyu haifaffun Diyego Garsiya suka kai ƙara a daren sa hannun don a tsai da shi. A Ingila kuma masu suka sun yi ca, amma yawancinsu kukan kuɗi da na sansani su ke yi.

Ni abin da na duba a cikin takardar shi ne me ta ce game da komawa gida. Ta ce Moris tana da damar ta tsugunar da mutane a tsibiran, ban da Diyego Garsiya. A lura da kyau. Dama ce aka ba wata gwamnati, in ta ga dama. Ba a rubuta cewa wance 'yar wane, haifaffiyar wuri kaza, tana da hakkin komawa wanda za ta iya kai ƙara a kansa ba. Tsibirin da ya fi girma, inda da yawansu aka binne cibiyarsu, an rufe shi shekara 99, watau har 'ya'yan jikokinsu su tsufa. Kuɗin hayar shekara guda ya ninka abin da aka ware musu gaba ɗaya fiye da sau biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cikin 1965 gwamnatoci biyu suka zauna a kan tsibiran ba mai su a ɗakin, bayan shekara 60 gwamnatocin nan biyu suka sāke zama, masu wurin suna tsakar gida suna jiran a leƙo a gaya musu.

Saboda haka, ko tutar wa ke bisa tsibiran, abin da ya wajaba a fili ya ke. A rubuta cikin doka cewa kowane haifaffen Cagos da zuriyarsa suna da ikon shiga da zama, ba sai da takardar kowa ba, kamar yadda ɗan Fokland ke da shi a Fokland. A buɗe musu gefen gabas na Diyego Garsiya, a fara ba su aikin sansanin kafin a ɗauko wani daga nesa. Ingila da Amurka, da suka ci amfanin korar, su biya kuɗin gina gidaje da rijiyoyi da makaranta da asibiti da tashar jirgi. A kuma yi musu abin da aka yi wa mutanen Tristan da na Fokland, a tambaye su da ƙuri'a abin da su ke so. Moris ma kada ta ɗauka an ba ta gādo ne ta ci ita kaɗai, amana ce, ƙasashen Afirka da suka tsaya mata a Heg suna da hakkin su tambaye ta yadda ta riƙe.

Abin yana son hanzari. Waɗanda aka kwasa suna manya yawancinsu sun riga sun kwanta dama a ƙasar baƙunci. Lisette Talate da Charlesia Alexis, matan da suka ja gaban zanga-zangar Fot Luwis, duk sun rasu cikin 2012 ba su koma ba. Jariran da aka sa a jirgi cikin 1973 sun haura shekara 50. Kowace shekara da aka ƙara ana jan magana, masu shaida raguwa su ke yi, kuma masu jan maganar sun san haka. Hausawa sun ce in mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Mutanen Cagos ba su ma ce a naɗe ba, da yawansu sun ce a bar sansanin inda ya ke, su dai a matsa musu su shimfiɗa tasu a gefe, kusa da kaburburan iyayensu. Wanda ya hana mutum wannan, bai kamata ya sāke buɗe baki a gaban duniya yana wa'azin hakkin ɗan Adam ba sai ya gyara.